Nasiha ga Matasa a kan Tsohuwar Manhaja da Sabuwar Kwamfuta

Ya ku 'ya'yana da ƙannena, waɗanda Allah Ya hore wa sanin kwamfuta a wannan zamani, har ya zama ku ake nema idan na'ura ta ƙi aiki a ofis ko a shago ko a makaranta, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku a kan wata mas'ala wadda ba ta da kwarjini a idon mai gaggawa, alhali kuwa tana ɗauke da dukiyar mutane da wahalar shekarunsu, watau mas'alar tsohuwar manhaja wadda aka saba aiki da ita tun da daɗewa, sa'an nan aka wayi gari an sayi sabuwar kwamfuta, aka ɗora ta a kai, ta ce atafau ba za ta tashi ba. Galibinku, in aka kawo muku irin wannan, amsar da ke bakinku guda ce, "Ai Baba wannan ta tsufa, sai dai a nemi sabuwa." Game da tsufan kun faɗi gaskiya, amma kun yanke hukunci tun ba ku saurari shari'ar ba. Dattijon da ya zo muku da faifan CD a cikin tsohuwar ambulan, abin da ya hana shi barci shi ne lissafin bashin da yake bin mutane wanda ke kulle a cikin manhajar nan, ko littafin da ya wallafa aka tsara masa da PageMaker, ko sakamakon jarrabawar ɗaliban da suka riga suka zama iyaye kuma har yanzu suna dawowa neman takardar shaida. Wannan kuwa amana ce, kuma daga lokacin da ya miƙa muku ita ta hau wuyanku.

Kafin a yi maganar magani, wajibi ne a san asalin ciwo. Ku sani babu wata manhaja da ke aiki da ƙarfin kanta. Kowacce daga cikinsu, ta rubutu ce ko ta lissafi ko ta zane, tana dogara ne a kan babbar manhajar da ke sarrafa kwamfutar gaba ɗaya, irin su Windows da macOS da Linux, kuma matsayin wannan babba a wurin ƙananan kamar matsayin fatoma ne a wurin fatake a zamanin da ake safarar goro daga Gwanja, domin shi ke sauke baƙo, shi ke ajiye masa kaya, shi ke yi masa tafinta, shi ne kuma ya san ƙofar da za a ƙwanƙwasa in ana neman abu kaza. Falken da ya shekara ashirin bai taka garin ba, in ya dawo ya tarar fatoman ya rasu, jikansa ke riƙe da gidan, an sake fasalin ɗakuna, an sa wa ɗakin kaya kwaɗo, yaran gidan kuma ba su jin harshensa, lalle zai tsaya a zaure ya rasa abin yi, ko da kuwa hajarsa lafiya lau take. To, haka manhajar da aka rubuta a 1998 take a kan Windows 11. Tana so ta ajiye fayil a wurin da yanzu aka hana, tana kiran wani yanki da aka riga aka cire, tana tambayar sunan Windows ɗin sai ta ji sunan da ba ta taɓa ji ba. Aikinku shi ne ku gano wace buƙata ce daga cikin buƙatunta ba a biya mata ba, domin galibi guda ɗaya ce ko biyu, sauran jikinta kuwa garau yake.

Adalci ne a faɗa cewa kamfanin Microsoft ya daɗe yana ɗaukar nauyin wannan al'amari fiye da yadda mutane suke zato. An ruwaito cewa sa'ad da ake shirya Windows 95, sai aka tarar wasan nan mai suna SimCity yana da wani aibi a cikinsa, watau yakan koma ya karanta wani yanki na ƙwaƙwalwar kwamfuta bayan ya riga ya sallama shi, abin da tsohon tsari yake kau da kai a kansa, sabon kuwa yana iya miƙa wurin ga wani nan take, wasan ya rushe. Da yake injiniyoyin sun san mai saye ba zai zargi wasan da ya saba yi jiya ba, sabuwar Windows ɗin da ya saya yau zai zarga, sai suka sa mata wani sharaɗi na musamman, cewa in ta ga SimCity ne ke gudana ta jinkirta karɓe wurin. Har yau ɗin nan Excel tana lissafa 29 ga Fabrairu 1900 a cikin ranakun duniya, alhali shekarar 1900 ba ta da wannan rana, kuma an bar kuskuren da gangan don lissafin kwanaki ya dace da na Lotus 1-2-3, wadda ta riga ta shiga kasuwa da shi. Kamfanin Apple kuwa ɗabi'arsa dabam ce. A 2006 ya mayar da kwamfutocin Mac kan masarrafin Intel, ya ba da wata mai fassara da ya kira Rosetta don tsofaffin manhajoji su ci gaba da aiki, ya janye ta a 2011. A 2019 ya daina karɓar duk wata manhaja mai bit 32 a cikin macOS Catalina. A 2020 ya sake yin ƙaura zuwa masarrafin kansa tare da Rosetta 2. Wanda ke riƙe da Mac sai ya san cewa wa'adi ake ba shi, kuma in wa'adin ya cika ba a ƙara masa.

Abu na farko da nake yi muku wasiyya da shi, kafin ku taɓa komai, shi ne ihtiyaɗi. Ku kwafe bayanan mai kaya zuwa wuri biyu dabam, ku kwafe faifan girka manhajar shi ma, ku rubuta lambar lasisinsa a takarda in tana nan, sa'an nan duk gwajin da za ku yi ku yi shi a kan kwafi, asalin kuwa ku ajiye shi gefe. Dalili shi ne, sabuwar manhaja in ta buɗe tsohon fayil sau da yawa takan juya shi zuwa nata salo, ta adana a kan na asali, kuma daga nan tsohuwar ba za ta sake gane shi ba har abada. Kuma in tsohuwar kwamfutar tana da sauran numfashi, kada ku yarda a goge ta ko a sayar da ita ga masu sayen tsofaffin kaya sai aikin ya tabbata a sabuwar, domin ita ce hujjarku in an yi saɓani a kan lissafi.

Bayan haka ku karanta saƙon da kwamfutar ta rubuto a allo, ku karanta shi da tadabburi har ƙarshensa. Na lura matasa da yawa sukan danna OK tun kafin idonsu ya sauka a kan rubutun, alhali sau da yawa sunan ciwon ke nan aka rubuta musu. In saƙon ya ce manhajar tana buƙatar Windows 98 ko XP, wannan shi ne mafi sauƙin al'amari, domin tun daga Windows XP, wadda ta fito a 2001, akwai wata hanya da aka tanada: a danna gefen dama na linzami a kan fayil ɗin manhajar, a shiga Properties, a buɗe shafin Compatibility, a zaɓi sunan tsohuwar Windows. Daga nan duk sa'ad da manhajar ta tambaya za a amsa mata da sunan da ta sani, a kuma sassauta mata wasu ƙa'idoji. A wannan shafin ne kuma ake rage launuka zuwa 256 ko a rage faɗin allo zuwa 640 da 480 saboda manhajojin da aka yi wa ƙananan allunan da. Ku tuna cewa shi kansa fayil ɗin girkawa yakan buƙaci wannan gata kafin manhajar. In kuwa saƙon ya ce an rasa wani fayil mai ƙarewa da DLL, to wani yanki ne na taimako da marubucin manhajar ya ɗauka zai iske a kowace kwamfuta, kamar .NET Framework 3.5, wanda Windows 10 take da shi amma a kashe sai an kunna, ko ɗaya daga cikin tarin Visual C++ da Microsoft ke rabawa kyauta. Ku ɗauko su daga mai su. Ina gargaɗinku da babbar murya game da shafukan intanet da ke raba DLL ɗai-ɗai, domin ba ku san wanda ya taɓa fayil ɗin ba, ba ku san abin da ya cusa a ciki ba, kuma kuna shirin ajiye shi ne a tsakiyar kwamfutar wani bawan Allah.

Akwai wata mas'ala da nake so in tsaya a kanta, saboda ta sa mutane kuka ba gaira ba dalili. A zamanin Windows 98, da kuma XP yadda galibi ake amfani da ita, manhaja tana da ikon rubutu a duk inda ta ga dama, shi ya sa manhajojin lissafi da yawa suke ajiye bayanansu a cikin foldarsu a ƙarƙashin Program Files. Da Windows Vista ta zo a 2007 sai aka kulle wannan wuri saboda tsaro, amma don kada tsofaffin manhajoji su mutu, sai aka yi wata hikima: in tsohuwar manhaja ta nemi rubutu a can, Windows takan karɓi fayil ɗin a asirce ta kai shi wata ɓoyayyar folda mai suna VirtualStore, a cikin AppData na mai amfani da kwamfutar, ita kuwa manhajar tana zaton ta rubuta a inda ta saba. Yanzu ku duba abin da ke faruwa. Mai shago ya yi wata shida yana shigar da cinikinsa lafiya lau. Sai wata rana aka kira wani yaro don gyaran wata 'yar matsala, yaron ya sa alama a inda aka ce a gudanar da manhajar da ikon admin, yana ganin alheri ya yi. Da manhajar ta sami cikakken iko sai Windows ta daina karkatar da ita, ta kai ta Program Files na ainihi, inda babu komai sai tsohon fayil na ranar da aka girka ta. Mai shago ya buɗe ya ga littafinsa fari fat, ya ɗora hannu a ka, alhali cinikinsa na wata shida yana nan kwance a VirtualStore ko ƙwayar harafi bai ɓata ba. Haka kuma wanda ya kwafe foldar Program Files kaɗai yana ganin ya yi ajiya, fanko ya kwafa. Saboda haka duk sa'ad da kuka karɓi tsohuwar manhaja a kan Vista ko Windows ta bayanta, ku leƙa wannan folda tukuna, kuma in da hali ku girka irin waɗannan manhajoji a wata folda ta dabam wadda mai kwamfutar ke da ikon rubutu a cikinta.

Mas'ala ta gaba ta shafi malamanmu da ɗaliban ilimi kai tsaye. Da yawa daga cikinsu suna da tsofaffin faifai na tafsiri da hadisi da fiƙihu, da tsofaffin fitowar Maktaba Shamila, waɗanda in an ɗora su a sabuwar kwamfuta sukan buɗe, amma maimakon nassin Larabci sai a ga alamomin tambaya a jere, ko wasu baƙaƙen Turawa masu ɗige-ɗige a ka waɗanda ba su ba da wata ma'ana. Sababin wannan shi ne, kafin tsarin Unicode ya game duniya, jadawalin haruffa na Larabci da na harsunan Turai kowanne gurbi 256 kawai yake da shi, rabin farko na boko ne da lambobi kuma kowa ya yi tarayya a cikinsa, rabi na biyu kuwa kowane harshe ya zuba nasa. Jadawalin Larabci na Windows shi ne mai lamba 1256, na Yammacin Turai kuwa 1252, don haka lambar da take nufin ba'un a wancan, wani harafi dabam take nufi a wannan. Matanin yana nan daram, jadawalin da ake karanta shi da shi ne aka musanya. Maganinsa a shiga Control Panel, sashen Region, shafin Administrative, a sauya harshen da aka ware wa manhajojin da ba su san Unicode ba zuwa Larabci, a kashe kwamfutar a sake kunnawa. Wannan ba ya juya Windows ɗin zuwa Larabci, sai dai harshe ɗaya kawai ake iya zaɓa a lokaci guda, saboda haka ku tambayi mai kwamfutar ko yana da wata tsohuwar manhajar da ke dogara da wani harshen. Aikin minti biyar ne, amma na san malamin da aka mayar wa ɗakin karatunsa ta wannan hanya ba zai manta da ku a addu'a ba.

Daga nan sai mu zo inda sassauci ba ya isa. Manhajojin DOS da na Windows 3.1, wadda ta fito a 1992, masu bit 16 ne. Windows mai bit 32 tana da wani sashe da ke ɗaukar nauyinsu, har zuwa Windows 10, amma Windows mai bit 64 ba ta da shi sam, kuma Windows 11, wadda ta fito a 2021, mai bit 64 ce kaɗai. A nan ko kun kwana kuna juya shafin Compatibility ba abin da zai motsa. Wani abin lura kuma, manhajoji da yawa na ƙarshen shekarun 1990 su kansu masu bit 32 ne, kuma za su yi aiki, amma fayil ɗin da ke girka su mai bit 16 ne, sai ƙofar ta hana shiga ɗakin da yake lafiya. Ga waɗannan akwai manhajojin kwaikwayo, watau waɗanda ke ƙaga tsohuwar kwamfuta a cikin sabuwa. DOSBox, wadda ta fito a 2002, don wasanni aka yi ta. Mai aikin ofis da ke buƙatar firinta gara ya nemi DOSBox-X. Ga manhajojin Windows 3.1 kuwa akwai otvdm, wadda aka gina daga aikin Wine, shi kuwa Wine tun 1993 masu sa kai suke raya shi don gudanar da manhajojin Windows a kan Linux.

In duk wannan bai yi ba, sai a gina wa tsohuwar manhaja gidanta sukutum, watau a ɗora tsohuwar Windows ɗin kanta a cikin sabuwar ta hanyar VirtualBox, wadda kyauta ce, ko Hyper-V da ke zuwa tare da Windows Pro. Microsoft da kansa ya bi wannan hanya a 2009 sa'ad da ya haɗa wa wasu nau'o'in Windows 7 abin da ya kira XP Mode. Windows XP ba ta da ci, gigabait ɗaya na ƙwaƙwalwa ya wadace ta, kuma fa'idar wannan hanya ita ce dukan tsohuwar kwamfutar takan koma fayiloli ƙalilan da za a iya kwafewa a filashi, a kuma ɗauki hoton halin da take ciki a ranar da take lafiya, in ta lalace gobe a mayar da ita wannan hali cikin ƙiftawar ido. Amma akwai sharaɗi guda wanda ba na yarda a sassauta shi, shi ne a yanke mata intanet. Microsoft ya daina toshe ɓarakar XP ranar 8 ga Afrilu 2014, ta Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, wa'adin Windows 10 na gama-gari kuma ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025. Ranar 12 ga Mayu 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kimanin 150, tana kulle fayilolin mutane tana neman fansa, ta shiga asibitocin gwamnati a Ingila har aka soke ganin likita ga dubban marasa lafiya, alhali Microsoft ya fitar da maganin ɓarakar da ta bi tun watan Maris na shekarar, mutane ne ba su ɗora ba. Al'amarin ya kai har kamfanin ya keta ƙa'idarsa ya fitar wa XP gyara na gaggawa. In haka ta sami waɗanda ake aiko wa magani suka yi sakaci, ina ga wanda aka daina aiko wa gaba ɗaya? Ku bar folda guda ta tarayya tsakanin tsohuwar da sabuwar don shige da ficen fayiloli, ku rufe sauran ƙofofi.

Wani lokaci kuma manhajar tana ɗaure da wani inji, kamar injin ɗab'i ko na surfani ko na'urar gwaji a asibiti, ko kuwa tana da ɗan makullin lasisi da ake sokawa a tsohon soket ɗin firinta mai faɗi, wanda sababbin kwamfutoci ba su zuwa da shi. Direban da ke haɗa injin da kwamfuta in mai bit 32 ne ba zai taɓa hawa Windows mai bit 64 ba, kuma wayar da ke juya USB zuwa tsohon soket takan yi wa firinta aiki amma galibi ba ta yi wa makullin lasisi. A irin wannan hali shawarar gaskiya ita ce a bar tsohuwar kwamfutar a kan aikinta, a raba ta da intanet, a hana yara soka mata filashi, a kwafe faifan ajiyarta gaba ɗaya, a sauya mata ɗan batirin agogo in ya mutu, a sa mata abin daidaita wuta saboda halin lantarkinmu, in ma an ga irinta a kasuwa a saya a ajiye don kayan gyara. Babu kunya ga mai sana'a ya ce wa mai kaya kada ya sayi sabuwa, ko da kuwa cinikinsa zai ragu.

Ba zan wuce ba sai na taɓa batun halal da haram a cikin wannan sana'a. Manhaja tana da mai ita, kuma tsufanta ba ya sauke haƙƙinsa. Windows ɗin da za ku ɗora a cikin VirtualBox ita ma tana buƙatar lasisi. Manhajojin da aka fasa wa makulli, waɗanda ake kira kirak, bayan cin haƙƙi suna daga cikin manyan hanyoyin da ƙwayar cuta ke shiga kwamfuta. Sau da yawa ma ba a buƙatarsu, domin LibreOffice, wadda kyauta ce kuma halal, tana buɗe tsofaffin fayilolin Word da na WordPerfect, har da na PageMaker na ƙarshe-ƙarshe, ko da yake tsarin shafi ba ya fitowa cif yadda yake. Haka nan abin da idonku ya gani a cikin lissafin mutum ko wasiƙunsa yayin gyara, sirrinsa ne, kada ya bi ku zuwa majalisar shayi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami tun farko. Duk dabarun nan da na zayyana jinkiri kawai suke saya muku, kuma kuskuren da na fi gani shi ne, da zarar manhajar ta tashi sai kowa ya yi hamdala a watse, har sai wata Windows ta sake zuwa a koma gidan jiya, a lokacin kuma wanda ya san sirrin gyaran ya bar gari. Ranar da tsohuwar manhaja ta buɗe, ranar ce ya wajaba a fara fitar da abin da ke cikinta zuwa salon da ba mallakar kamfani guda ba ne. A 1986 gidan rediyon BBC ya tattara bayanin rayuwar Birtaniya daga mutane kimanin miliyan guda, galibinsu 'yan makaranta, don cikar shekara 900 da rubuta littafin Domesday na 1086, aka zuba a manyan faifan leza guda biyu waɗanda sai da wata kwamfuta ta musamman ake karanta su. Kafin a cika shekara ashirin na'urorin sun kusa ƙarewa, sai da masana daga jami'ar Leeds da ta Michigan suka gina mai kwaikwayo a 2002 aka ceto aikin, alhali littafin 1086 da aka rubuta da tawada a kan fata yana nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasar ana karanta shi. In wannan ya sami hukuma mai dukiya da ƙwararru, to makarantar unguwa da shagon kasuwa sun fi cancantar fargaba.

Mu Hausawa muna da namu kaso na musamman a cikin wannan ciwo, saboda haruffanmu masu lanƙwasa. A shekarun 1990 jadawalin Windows na yau da kullum ba shi da ɓ da ɗ da ƙ, sai masu kishin harshe, cikinsu har da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, suka ƙera salon haruffa na musamman, inda aka zana harafi mai lanƙwasa a gurbin wata alama da ba a cika amfani da ita ba. Wannan ya yi wa ɗab'in Hausa hidima babba, kuma littattafai da kundayen digiri masu yawa da shi aka buga su. Sai dai fayil ɗin lambar waccan alamar ya riƙe, don haka in an buɗe shi a kwamfutar da ba ta da salon, sai a ga baka ko wata alama a duk inda ƙ ya kamata ya zauna. Ɗora tsohon salon yana gyara abin da ido ke gani, amma rubutun ba zai yi tafiya zuwa waya ko intanet ba, kuma ba za a iya binciken kalma a cikinsa ba. Gyara na haƙiƙa shi ne a buɗe kwafin fayil ɗin tare da tsohon salon, a rubuta a takarda wace alama ce ke tsaye a madadin wane harafi, sa'an nan a bi su ɗaya bayan ɗaya da umarnin nema da musanyawa, a mayar da kowacce zuwa harafinta na Unicode, ƙananan baƙaƙe dabam, manya dabam, guda shida ke nan a rubutun Nijeriya, takwas a na Nijar inda ake rubuta ƴ. In alamar nan an yi amfani da ita a ma'anarta ta asali a wani wuri cikin littafin, Word tana da ikon taƙaita neman ga rubutun da ke cikin wancan salon kaɗai, kuma lalle a yi amfani da wannan iko, in ba haka ba a gyara harafi a ɓata baka.

Lissafin kuɗi da rajistar ɗalibai a fitar da su zuwa CSV, wanda kowace manhajar jadawali ke buɗewa. Takardun da aka gama a adana su a PDF, a kuma ajiye matanin zalla a fayil na rubutu mai tsarin UTF-8. Abin da ya fi kowanne muhimmanci, kamar ma'aunin ƙarshen shekara da jerin masu bashi, a buga shi a takarda a sa a fayil. Bayan an fitar, kada ku ce an gama sai kun yi muƙabala, watau ku zauna da mai kaya, tsohuwar manhaja a buɗe a gefe, sabon fayil a gefe, ku gwada adadin layuka da jimlar kuɗi, ku zaɓi sunaye goma daga wurare dabam-dabam ku bi su har ƙarshe, ku lura musamman da kwanan wata, domin a nan ne rana da wata suke musanya wuri tsakanin tsarin Amurka da namu, uku ga Afrilu ta koma huɗu ga Maris ba wanda ya sani. Sa'an nan ku rubuta a takarda guda, da Hausar da mai kaya zai iya karantawa, sunan manhajar da lambar fitowarta, saitin da kuka sauya, inda bayanan suke zaune a cikin kwamfutar, da ranar da aka yi kwafi na ƙarshe, ku ba shi kwafi ɗaya ya ajiye tare da faifansa, ku riƙe ɗaya a wurinku.